Tsarabar Ikko

Kakana Nomau na unguwar Bagalam,
in ka kira shi ba ya cewa na'am,
ba ya awo irin ta mutanen gari,
balle wi ta ƴan lakwal.
Sai ya ɗaga haɓa ya ce: ai-ai.

Mun ɗauka tsufa ke wasa da harshensa.
Cima ta ce a'a, tsaraba ce.
Shekarar da ya bi motar fatun jar akuya
ta Ɗan Isa, ta Kano, har bakin teku,
wata bakwai ya yi yana dako a Ikko.
Can ya ji ma'aikatan jirgin ruwa:
babba ya yi tsawa daga sama,
ƙanana su amsa baki ɗaya.
Ya dawo ba agogo, ba rediyo,
kuɗin sun ƙafe kamar gulbi da rani,
kalmar ce kawai ta iso gida.

Bara na kai ta wurin Mushe Labo
mai koyar da Ingilishi.
Ya buɗe ƙamus da gara ta ci wa gefe,
ya ce: tsohuwa ce, ta fi kakanka furfura,
masu ita ma sun jingine ta,
sai a jirgi, sai a majalisa.
Asalinta kuwa an rabu biyu.
Wasu sun ce daga "ni" ta fito,
mutum ya dafa ƙirji: ni na yarda.
Wasu sun ce daga "kullum".
Na ce, wanne ke nan?
Ya hure ƙurar littafin ya rufe:
ko su ba su sani ba.

Na biyo ta bayan babbar kasuwa ina tunani.
Ran da aka zo kan bashin ƙanensa
ya ce ai-ai gaban mutum uku,
ba takarda, ba dangwala yatsa.
Kafin kaka amalanke ta tafi,
san ma ya bi ta.
Da wace fassarar ya biya?
Ina jin da duka biyun.

Yau damina uku ba shi.
Jiya da magariba Cima ta manta,
tana laluben buta ta ce, Nomau!
Gida ya yi tsit, har akuya ta bar tuƙa.
Ban yi shawara da bakina ba,
na dai ji ya amsa.