Kar Ka Motsa

Shekara talatin da huɗu ina ɗaukar hoto a Sabon Layi,
ina ce wa mutanen Gombe: kar ka motsa.
Ango, kar ka motsa. Alhaji, ɗaga haɓa.
Mai neman aikin soja, rufe baki.
Kowa na bin umarnina kamar na likita,
har waya ta zo ta cinye kasuwar.

Na rufe shago na dawo Dadin Kowa,
lambun da babana ya bari a bayan gida:
gwaiba uku, lemon tsami, zogale,
da wata gwanda da ta ƙi mutuwa, ta ƙi haihuwa.
Kyamarar dai na taho da ita.
Mutum ba ya sayar da idonsa.

Yanzu ɗari ya shigo.
Ina idar da asuba sai in naɗe cikin bargo,
in zuba ruwa a fasasshen kasko,
in watsa tsakin gero a faifan Adda Pendo,
wanda har yau ba ta san ni na ɗauke ba,
in laɓe bayan zana.
Yatsu sun ƙage, shayi ya huce a gefe.

Kurciya ke fara zuwa, kullum ita,
da takun mai bin bashi.
Sai asisi, su bakwai ko takwas,
ƙirjinsu kamar an tsoma a karofi an fasa rinin.
Shaya ta diro tana ƙyalli, ta kori kowa,
ta sha, ta yi wanka a ruwan shan jama'a.
Cilakowa ba ta sauka.
Daga kan gwanda take leƙe,
kamar maƙwabcin da ya ji ƙamshin miya, kunya ta riƙe shi.

Na ɗaga kyamara. Baki ya riga ya saba,
sai na ji ina raɗa musu: kar ku motsa.
Fir!
Saura kasko, da ruwa yana rawa.
Hoto ɗari biyu a mako guda:
reshe ba kowa, rabin wutsiya,
inuwar fiffike a jikin zana.

Bappayo ya leƙo ta katanga, danƙo a wuya.
"Baba, bari in kayar maka da ɗaya,
sai ka ɗauka a tsanake."
Na ce, "Mai rai nake nema. Zo zauna."
Ya zauna. Abin kunya, ya fi ni haƙuri.

Shi ya fara ganinta, wata Laraba,
'yar siririya, cikinta ruwan ɗorawa,
tana taku tsakanin kunyoyin albasa,
wutsiya sama da ƙasa kamar mai tankaɗe.
Ban san sunanta ba. Adda Pendo ma ba ta sani ba.
Masu lambu sun ce sai da sanyi ake ganin irinta.
Wannan karon ban ce mata komai ba.
Na riƙe numfashi. Na danna.

Da dare muka zuƙo hoton,
sai ga zobe a ƙafarta ta dama,
na ƙarfe, da rabin lamba da ba ta karantuwa.
Ashe wani, a ƙasar da ban taɓa takawa ba,
ya taɓa riƙe ta a tafin hannu,
ya ji bugun zuciyarta, ya sake ta.
Ta ƙetare ruwa da rairayi
don ta zo ta tsinci ƙwari a albasata.
Sanyin da ke sa ni tari,
ita ɗumi ta zo sha a cikinsa.

Bappayo ya ce, "Ashe tana da mai ita?"
Na ce, "Da tana da mai ita, da ba ta nan."

Kwana goma sha tara ta yi mana.
A na ashirin muka jira har rana ta take,
sai kurciya da bashinta.

Gobe ma zan fito.
Danƙon yaron na rataye a reshen gwaiba, ya manta da shi,
jiya na ga asisi a kai yana gyara gashi.
Yanzu ni ake ce wa kar ka motsa,
kuma ba na motsawa.