Na'ura Ba Ta Rantsuwa

Ƙarfe uku da rabi rana ta faɗi a Tallinn,
haka Disamba take yi mana.
Jirgin ruwan Helsinki ya yi kuka ya bar gaɓa,
ni ina hawa na huɗu, tsohuwar masaƙa da aka mai da ofis,
kofi ya huce, takardu sun kai mini haɓa.

Ni ce lauyarsu, Piret.
Mu goma sha ɗaya ne a kamfanin,
goma suna gini, ɗaya tana cewa a dakata.

Raivo ya ƙera abin da ke karanta takardar mai neman bashi,
kafin ka ƙifta ido ta ce a ba shi, ko a hana.
Ƙirƙirarriyar basira, in ji allon bakin ƙofa.
Shi kuwa 'yata yake ce mata.

Na ce, 'yar taka me ta ci ta girma?
Ya ce, bayanai.
Na ce, na wa?
Ya dubi Jevgeni, Jevgeni ya dubi taga.
Sunaye miliyan biyu, an sharo su kamar ganyen kaka,
ba wanda ya ce na yarda,
don ba wanda aka tambaya.

Sai ga wasiƙa daga Narva, rubutun hannu, tawada shuɗiya.
Zinaida, tela, shekara sittin da ɗaya,
yuro dubu huɗu ta nema na sabon keken ɗinki.
Ba ta taɓa kwana da kuɗin kowa ba.
Layi ɗaya ta rubuto: ku faɗa mini dalili.
Doka ta ba ta bakin tambaya,
mu ta ɗora mana nauyin amsa.

Muka tambayi na'ura, ta ba mu lamba.
Lamba ba dalili ba ce.
Dare uku Jevgeni yana tono, idonsa ya yi ja,
ya fito da shi a tafin hannu:
unguwar da take, da yadda sunanta ya ƙare.
Ba wanda ya koya mata.
A tsofaffin littattafan banki ta tsinta,
kamar yaron da ya je kasuwa
ya maimaita abin da iyaye suka raɗa a ɗaka.

Raivo ya buga tebur.
Masu zuba jari ranar Alhamis za su sauka!
Na ƙetaren teku suna gudu ba takalmi,
ke kin ɗaura mini dutse a ƙafa.

Na ce, zauna.
Tara tana nan, daga cinikin shekara ake yankarta,
amma ba ita ta hana ni barci ba.
Ranar da alƙali zai ce wa ya yanke wannan hukunci,
'yarka ba za ta miƙe ba.
Ba ta da hannun ɗagawa, ba ta da goshin yin gumi,
na'ura ba ta rantsuwa.
Sunanka ne a shafi na arba'in da shida,
nawa na ƙasa da shi.
Kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa.

Ya daɗe yana kallon ƙanƙara tana sauka kan tashar jirgi.
Ya ce, sai bazara ke nan.
Na ce, in mun yi sauri.

Yanzu muna rubuta asalin kowane suna,
wanda ba shi da izini a goge.
Mun ɗauko Külli, da ta yi shekara talatin a kantar banki,
duk a'ar da na'ura ta furta
sai ta bi ta ƙarƙashin tabaranta.
Tana da jinkiri. Tana cin tuffa tana karatu.
Jevgeni ya ce ta fi kwamfutar tsada.

Amsar Zinaida ni na rubuta, da hannu.
Ban ce na'ura ta yi kuskure ba,
na ce mun yi.
Tana iya kai mu kotu, na faɗa mata haka ma,
har adireshin hukuma na sa.

Kwana tara ke nan.
Duk safiya ni nake riga kowa
zuwa akwatin wasiƙa.