Wushiryar Gidansu

Shekara talatin da ɗaya ina kwance a ƙarƙashin cikinsu,
ni Sixten, mai kunnen hagun da ya mutu
tun zamanin kakansu.

Kakan ya zo mana da goshi cike da agogai,
allura nan, allura can, kowace da rawarta.
In ya yi tari, na san ƙusar da ta saki.
Mukan saukar da shi kan titin motoci
a tsakiyar dajin arewacin Suwidin,
mu shida, ni da yara biyar masu hidimar soja,
mu shayar da shi, mu ɗaura masa kaya,
kafin gahawa ta huce a kofi ya koma sama,
ya bar mana ƙanƙara tana hawaye a inda ya tsaya.

Ɗansa ya koyi shan mai a cikin gajimare,
yana miƙa baki ga babban jirgi kamar maraƙi.
Aka yi masa ƙane mai kujera biyu.
Amma ƙananan fukafukan nan na kusa da hanci,
masu karkata kafin jiki ya karkata,
ba wanda ya taɓa su.
Wushiryar gidansu ce.

Yau ga jika a rumfa ta huɗu.
An matsar da ƙafafunsa zuwa gindin fiffike
don tumbi ya sami wurin ƙarin mai.
Ƙirji ya faɗaɗa, murya ta yi kauri.
Agogai sun tafi, allo ɗaya ya shimfiɗe a gurbinsu.
A hancinsa akwai ido mai idanu dubu,
sama da shi wani idon da ba ruwansa da haske,
ɗumin jiki kawai yake sansana a duhu.
Ya iya ƙarya ma:
yakan ce wa na'urar maƙiyi ga ni can,
alhali yana nan.

Ylva, wadda za ta gaje ni,
ba baƙin mai ko ɗigo a farcenta.
Ta jona waya a haƙarƙarinsa ranar Talata,
Laraba ya tashi da sabon wayo.
Na ce, me kika sauya? Ban ga kin kwance komai ba.
Ta ce, tunaninsa.
Na mayar da sifana aljihu.

Abu ɗaya ne masu zane suka kasa sabuntawa:
wuyan Majken.
In jika ya yi kwana, nauyinta kan ninka tara,
jini ya gudu daga ido ya nufi ƙafa,
wando ya matse ta don ya koro shi.
Takan sauko da jajayen ɗigo a damtse,
ta nemi ruwa,
ta buga waya ta ji ko an ɗauko ɗanta daga makaranta.

Sai kuma ƙusar nan mai jan ƙyalle,
tun ta kaka ba ta canza ba.
In zare, in ɗaga, ta gyaɗa kai.

Na san a ƙetaren tekun nan
akwai wani tsoho mai mataccen kunne,
kwance ƙarƙashin jikan wani gida.
Mu ƙara wa mashi tsawo, su ƙara wa garkuwa faɗi.
Ban san sunansa ba,
amma na san irin ciwon bayansa.

Juma'a za su yanka mini kek,
su ba ni tsohon agogon kaka a cikin akwati,
shugaba ya karanta adadin tashi da sauka.
Ba zai karanta nawa lissafin ba:
duk makamin gaske da na ɗaura da safe,
ni na kwance shi da yamma,
da sanyinsa.

Ylva, ga matoshin kunnena, na dama bai tsufa ba.
Ki ƙirga su in za su fita.
In sun dawo, ki sake ƙirgawa.