Saura Kwana Uku

Saura kwana uku, alli ya ƙare,
Malama Laraba na rubutu da guntun gawayi.
Mu muka raɗa mata sunan,
don ran Laraba jirginta ya sauka Kano
ana ruwa kamar da bakin ƙwarya.

Mako shida muna murɗa harshe
a ajin nan na Gwammaja mai yoyo ta gabas.
Mun iya tambayar hanya da Turanci,
ita kuwa har yau ƙofa ta gagare ta,
in ta ce kofa, sai Barira ta kife da dariya.

Jiya Sagiru, da bai taɓa ɗaga hannu ba,
ya miƙe ya karanta layi huɗu babu tuntuɓe.
Ta juya wa aji baya,
ta daɗe tana goge allon da ba kome a kai.

Yau aka raba littattafai, ba su isa ba.
Rabi na samu, rabin na hannun Uwani,
sai mun haɗu za mu san ƙarshen labarin.

Na sayo mata gurasa a Jakara,
na ƙunshe yaji a takardar jarrabawata.
Kalmar bankwanan da ta koya mana
tana kumatuna kamar goro,
ban tauna ba tukuna.