Ƙofar Sauri

Unguwarmu sunanta Ƙofar Sauri,
ni kuwa gwiwata ta yi sallama da sauri tun tuni.
Abin da ya rage mini: usur a wuya,
agogon latsawa mai tsagaggen gilashi,
da ɗan ƙanwata, Sagiru,
wanda ƙafarsa ba ta gaisawa da ƙasa sai a tsaitsaye.

Mita ɗari, sakan goma sha biyu cif.
Da gawayi na rubuta a bangon zaure.
Amma a ce masa ɗari biyu,
yana shan kwana zai fara laluben iska
kamar mai neman canji a hujajjen aljihu.

Na ce numfashi ne babu, za mu saye shi da nisa.
Ana sallame asuba mu kama hanyar Kaita,
ni a kan keke, shi a ƙasa,
kilomita takwas, tara, wata rana goma,
gero na yin tsawo dama da hagu,
har muka san karen kowace gona.
Damina guda muka cinye haka.

Malam Tukur, wanda ya horar da ni ina ɗan firamare,
yana bencin mai shayi, ya bi mu da ido:
“Bishir, askar wanzami ka samu
kake faskare da ita.
Ƙafa abin da aka maimaita mata take haddacewa.
Ka koya mata lallaɓawa,
ranar tsere lallaɓawa za ta karanto maka.”
Na ce, “Malam, aska ba ƙota ai ba ta riƙuwa.”
Ya hura shayinsa. Bai tanka ba.

Da kaka ta kama muka koma fili.
Na ja layi da diddige. Na busa. Na latsa.
Sha biyu da ɗigo huɗu.
Na girgiza agogon, na kara shi a kunne
kamar shi ne ya yi gudun.
Muka sake. Ɗigo biyar.
Sagiru ya tsaya, ko haki ba ya yi,
abin da ya fi ƙona mini rai ke nan:
rumbu ya cika taf, walƙiyar ta yi ƙaura.

Daren nan ban runtsa ba,
ina ƙirga kilomitocin da na ranto
daga ƙafar yaron da bai iya ce mini a'a ba.

Da hantsi uwarsa Hassu ta aiko kirana.
Tana kan keken ɗinki, zare a bakinta.
“Wandon nan sau biyu ina kwance kalmasarsa
daga ruwan shuka zuwa yau.
Kambas ɗin da ka sayo, babban yatsa ya huda shi,
ɓoyewa yake don kada ka ji nauyi.
Yatsu huɗu ya ƙaru, Yaya.
Yaron da ka auna bara ba shi ne wannan ba.
Ƙafafun baƙi ne, bai gama sanin sunansu ba.”

Na kai wa Malam Tukur, ina murna zan ci gardama.
Ya ce, “To. Hanya ce ta sace, ko tsawo?
Agogonka ya san an yi sata,
bai san fuskar ɓarawo ba.”

Yanzu Litinin da Alhamis mita sittin ne,
a fashe kamar an taka wuta, a zauna a huce.
Asabar kaɗai muke ganin hanyar Kaita,
mu juya a tsamiya ta biyu.
Jiya, sha biyu da ɗigo ɗaya.
Ban goge gawayin ba, ban ƙara komai ba,
don ban san wa zan yi wa godiya ba,
hutun, ko sabon kambas, ko ƙashin da ya zauna.

Muna komawa, ina tura keke,
ya daɗe yana kallon ƙasa, sannan ya ce:
“Kawu, yaushe za mu wuce tsamiyar?
Ni fa can gaba,
inda ba usur, ba layi,
can nake jin ƙafafun nan nawa ne.”