Takalmi a Bakin Ƙofa

Da hantsi na sauka tasha,
akwatin ƙarfe a ka, rabin buhun gero a hammata.
Ɗan kabu-kabu ya karɓe mini dala ɗari
ya dire ni ƙofar jami'a kamar kayan aike.

Matar ofis, tabarau bisa hanci, ba ta ɗago ba.
"Nomau Jadi, na Kornaka?
Gado ukku sunka rage. Tahi ka gani,
ka komo kahin azahar.
Maradi ba ta jiran mai dogon shawara."

Daren da muke ɗaure akwati Baba ya ce:
mai kafa bukka, ruwa yake fara tambaya.
Inna ba ta ce kome ba,
ƙuli-ƙuli ta yi ta cusawa cikin hannun rigata.

Ginin fari yana jingine da ɗakin abinci.
Ƙamshin shinkafa da wake har kan matashi,
ga famfo a tsakar gida, bokitai sun yi masa sahu.
Wani mai shekara huɗu a aji biyu
ya dafa kafaɗata:
"Ƙane, nan ce aljannar. Kowa naka ne.
Kana da caja?"
Rediyo uku na rigima da juna,
karta na faɗuwa kan tabarma kamar ƙanƙara.
Na ce ina zuwa.

Na biyu bene ne.
Ni da ban taɓa kwana nesa da ƙasa ba
in ban da kan amalanke ranar kwasar gero.
Matakala ashirin da biyu, na ƙirga, gwiwa na rawa.
Ta taga Ali Ɗan Sofo a baje kamar shanya,
can nesa koren gulbi,
ga manyan motoci sun miƙa arewa.
Na san halina.
In na kwana nan, kullum idona zai bi su gida
ya bar ni da littafi buɗe.
Ruwa kuwa, an ce, ba ya hawa sama
sai ukun dare, da sanɗa, kamar ɓarawo.

Na uku can ƙurya, gindin dogon yaro.
Fanka mai fiffike biyu na gani ta tsagar taga.
Ƙofa a kulle, ba kowa,
sai silifa ƙafa biyu a dokin ƙofa,
a wanke tas, a jere, baki na duban waje.
Na juya na hagu da yatsa:
inda igiya ta tsinke an soka ƙusa,
an lanƙwasa kanta don kar ta ci ƙafa.
Na dubi nawa.
Ƙusa ɗaya, lanƙwasa ɗaya.

"Na ƙurya? Da sauron? Famfo hwa da nisa."
Sai a nan ta ɗago ta dube ni.
Na sa hannu, biro na zamewa don gumi.

Bayan magariba mai ɗakin ya iso,
Agali, ɗan Abalak, dogo, Hausarsa na ɗingishi.
Ya hura gawayi, ya ɗora shayi,
na kwance hannun riga, muka yi ta gurgura.
Kofi na biyu na nuna masa silifan.
Ya yi dariya har shayi ya zube:
"Ba nawa ba.
Na wani ne, ya gama bara, ya bari.
Shi ma, ya ce, tararwa ya yi.
Duk mai zuwa wanka shi ke sawa,
in ya dawo ya wanke."

Da asuba na ɗauki jarka na zura ƙafa.
Ya ɗan yi mini yawa ta dunduniya.

Baba, ka gafarce ni, ban fara da ruwa ba.
Taki ɗari uku da sittin ne zuwa famfo,
na auna yau, zuwa da dawowa ban zubar ba.
Ka ce wa Inna ƙuli-ƙulin ya ƙare daren farko.