Ragowar Noti

A barandar gidanmu, hawa na shida a Plovdiv,
inda maƙwabta ke shanya barkono da safa,
Lyubomir ya jera kwamfutoci uku,
ya kewaye su da gilashi, ya ce nan ne ofis.

Babu wadda ya saya sabuwa.
Ta farko a bolar wani ofishi ya tsinto ta,
ta biyu fankarta ta wata ce, cikinta na wata,
kamar rigar da aka haɗa da ƙyallayen tela.
Ta uku ko murfi ba ta da shi.
Wai zafi take ji, a bar ta ta sha iska.

Shekara goma sha tara ina mita:
gurnanin fanka da tsakar dare,
wayoyi kamar taliyar da ta kwana a tukunya,
ƙaurin dalma a labulen da na wanke jiya.
Takardar kuɗin wuta kuwa, gefen farantinsa nake ajiye ta,
ya ci, ya gani.
Sai ya tura tabarau goshi, ya ce,
"Rositsa, saura kaɗan in gama."
Bai taɓa gamawa ba.

Ya rasu a Fabrairu, ana zuba dusar ƙanƙara.
Gida ya cika, gida ya watse.
Na kwanta, sai na ji su,
su uku, suna numfashi a bayan ƙofa.
Na tashi ba takalmi, na kai hannu ga soket.
Mage tana kwance a kan ta tsakiya tana jin ɗumi,
ta buɗe ido ɗaya ta dube ni.
Na janye hannuna.

Da ƙarfe shida wayata ta yi ƙara.
"Yau akwai sanyi. Ɗauki hular nan mai ja."
Na zauna a bakin gado har shayi ya huce.
Ashe ba shi ke rubuto min ba duk shekarun nan,
akwati ya koya wa.
Ko kuwa shi ɗin ne? Har yau ban raba gardama ba.

Cikin bazara ta farkon ta fara ƙas, ƙas, ƙas,
kamar mai ƙwanƙwasa ƙofar da ya san ba kowa.
Na kira Desislava ta hawa na huɗu,
wadda ya koya wa riƙon sukurudireba
tun haƙoranta na gaba ba su gama fitowa ba.
Ta zo da jakarta, ta durƙusa, ta hure ƙura.
A jikin kowace waya ga ɗan tef,
ga rubutunsa mai karkata:
"Kar a cire."
"Wannan ma."
"Ban san aikinta ba, amma kar a cire."
Muka yi dariya har ta koma abin da ba dariya ba.

"Faifan ne ya tsufa, Inna," in ji ta.
"Hotunanku na ciki. Ya ajiye su wuri biyu, kar ki damu."
Mutumin da bai san inda safarsa take ba.

Ta sa sabo, ta ɗaure, ta kunna.
Ƙaramar fitila koriya ta ƙifta, ta tsaya.
Sai ga noti guda a tafin hannunta,
ta duba gaba, ta duba baya, ba gurbinsa.
Kunya ta kama ta.

Na miƙa hannu saman kanta,
na sauko da kwalbar miyar barkono
da ya cika rabinta da irinsu.
Duk buɗewa sai ɗaya ya yi saura,
kuma ba abin da ya taɓa faɗuwa.

Ta jefa shi. Ya yi ƙil.
Gobe za a kawo takardar wuta.